Matakalar da Ta Juya Hagu

Litinin, 20 ga Maris, 1536

Fada Hew, limamin cocinmu, ne ya ce in riƙa rubutu, wai hannun hagu sai an yi ta ba shi aiki yake jin magana. Na ce masa ba na bukata, hannuna na dama yana warkewa. Ya ce to, ka yi don nishaɗi. Ga ni ina yi. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan toka, amma ba mai gani sai ni.

Tun ranar da Ingilawa suka ƙetaro iyaka suka ƙone mana gidan katako, suka kora shanu, wani a cikinsu ya sare ni a kafaɗa, hannun nan bai ƙara ɗaga ko cokali ba. Yana nan cikin mayafi. Yana warkewa, a hankali dai. Na hana kowa maganarsa a gidan nan, har Grizel matata. Baran da ya yi gigin yanka mini nama a akushi bara, ranar ya bar gidana na Corshope.

Jibi magina za su dawo su ci gaba da gina mini hasumiyar dutse. Na gaji da zaman bukkar nan.

Alhamis, 23 ga Maris

Sun dawo. Sun kwashe ciyawa da bunun da aka lulluɓe kan bango da su saboda ƙanƙara, kwaɓin bai lalace ba. Hawan ƙasa ya tsaya da rufinsa na dutse, inda za a zuba shanu idan an ga wutar gargaɗin mahara a kan tudu. Bana sai babban zaure, da ɗakunan sama biyu, da matakala, da rufi. Kauri kuwa, mutum zai kwanta a kan bangon ya miƙe ƙafa. A zo a ƙona wannan mu gani.

Mungo ma ya dawo, babban maginin. Ban tuna haka yake da surutu ba. Tun daga bakin rafi ake jin muryarsa. Ya yi aiki a Faransa, kuma ba ya bari ka manta. Ya ɗauki dutsen da mutum biyu suke nishi a kai, ya ɗora a kafaɗa, ya tsaya yana gaishe ni da shi.

“Ranka ya daɗe, ka yi ƙiba!” in ji shi.

Grizel ta yi dariya. Ban ga abin dariya ba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Yau Grizel da kanta ta kai wa magina gurasa da giya. Barori uku a gidan nan.

Talata, 18 ga Afrilu

Mun yi bikin Ista a hasumiyar Dand, yayan Grizel. An ci, an sha, Dand ya yi ta cika baki da sabon ƙyaurensa na ƙarfe. Da za mu tafi, muna saukowa daga zaure, na zame a matakala. Na gangaro kamar buhun sha'ir, na daki bango da goshi, a gaban mutanensa duka.

Giya ce. Haka na ce musu, haka kuwa aka yi. Ba don igiyar riƙewa tana bangon dama ba, inda take a kowane gida. Da ban sha ba da ban faɗi ba.

Muka kamo hanyar gida ni da Grizel. Tana bayana a kan doki, ina jin idonta a ƙeyata. Mace ba ta son ganin mijinta a ƙasa. Ni ma da ni ne ita.

Laraba, 26 ga Afrilu

Na zagayo ta bayan ramin da suke jiƙa farar ƙasa, na tarar da su a tsugune, ita da Mungo, kai da kai. Yana zana wani abu a ƙasa da tsinke, tana nuna masa da yatsa. Tana ganina ta miƙe ta shafe zanen da ƙafa.

Na ce me ake tattaunawa.

Ta ce, “Maganar murhu ce, Maigida.”

Murhu. Shekara bakwai da aure ban taɓa ganin ta shafe murhu da ƙafa ba.

Hannayensa nake ta kallo. Faffaɗa, duk kanta, farar ƙasa ta cinye fatar. Munana ne, in gaskiya za a faɗa. Amma biyu ne.

Litinin, 8 ga Mayu

Na yi kwanaki a kan tuddai wajen haihuwar tumaki. Na dawo na tarar matakala ta kai tsayin mutum, a cikin kusurwar bango, tana murɗawa. Na sa ƙafa, na ji wani abu ba daidai ba tun kafin in gane mene ne.

Hagu ta juya.

Ko jaririn ƙasar nan ya san matakalar hasumiya dama take juyawa in kana hawa. Don maharin da ke tahowa daga ƙasa ginshiƙin tsakiya ya tare masa hannun takobi, mai gida kuma da ke sama ya sami fili ya yi sara. Haka ta kakana take, haka ta Dand, haka ta kowa daga nan har teku. Tawa kuwa an buɗe wa mai hawa fili a damansa, kamar ana ce masa bisimilla.

Na ƙwala wa Mungo kira. Ya zo yana goge hannu a riga.

“Wace irin aika-aika ce wannan?”

“Ranka ya daɗe, sabon yayi ne. Haka ake yi a Faransa yanzu.”

“Nan Faransa ce? Ingilan da za su zo, su ma yayin za su tsaya kallo?”

Ya sosa ƙeya, ya saci kallon ƙofa. Na waiwaya, Grizel ce tsaye. Ta ce ita ta gani ta ce ya yi kyau, a bar shi mana, ai an riga an sassaƙa duwatsun. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yau sai da mace ta yi masa magana.

Lahadi, 14 ga Mayu

Bayan sujada na ja Fada Hew gefe, tunda a Faransa ya yi karatu. Ya ce shi dai matakalun da ya hau a can, wasu dama wasu hagu, bai taɓa jin wani yayi ba. Ya dube ni wani iri, ya ce, “Ninian, me ya sa ba za ka tambayi matarka ba?”

Wato har shi ya ji wani abu. Wato kowa ya sani sai ni.

Juma'a, 26 ga Mayu

Na yi ta juya abin, kuma duk inda na bi wuri ɗaya nake fitowa.

Ƙarya ya yi mini, ita kuma ta rufa masa. Matakalar nan ina take ƙarewa? Ɗakin sama, inda gadonmu zai kasance. Wa aka gina wa ita? Mai hawa da ƙarfe a hannun dama. Wane ne ya san kowane dutse a cikinta, yake da hannun dama mai fasa dutse?

Ba na cewa sun shirya kashe ni. Ban ce ba. Amma an taɓa yi a ƙasar nan, kuma matar ta yi kuka a wurin binnewa fiye da kowa.

Kishi nake yi, na sani, ba sai an gaya mini ba. Yana cina kamar tsutsa a cikin cuku. Da can ita ce take leƙo ni ta taga in na hau doki. Yanzu sai ta riƙe mini linzami, wai dokin ne mai gardama.

Talata, 13 ga Yuni

Abin da na gani yau.

Sun ɗora katakan daɓen zaure. Na hau ta tsanin waje, ba wanda ya ji ni, na leƙa ramin matakala daga sama. Mungo yana tsaye a ciki, ya cusa hannunsa na dama a cikin riga, ya riƙe sanda da hagu, yana saukowa yana kai sara a iska. Ya cusa hannu a riga! Kamar yadda nake yi! Ita kuma tana ƙasa tana kallo, tana cewa, “Sake yi. A'a, ya fi ka tsawon hannu, miƙe sosai.” Sandar ta goge bango, ya yi tangaɗi da gangan kamar zai faɗi, ta rufe baki tana dariya.

Kwaikwayona yake yi. A cikin gidana, da duwatsuna, a gaban matata.

Na sauko ta tsanin da na hau. Da rana ban iya cin abinci ba, na ce ciki ne.

Alhamis, 15 ga Yuni

Gwaggo Bessie, ƙanwar babana, ta same ni ina wasa takobi a bayan garke. Na danne shi da gwiwa ina gogawa.

“Kai ɗan nan, wa za ka yanka?”

Na ce tsatsa nake cirewa. Na tambaye ta, a kaikaice, ko ta lura da yawan zuwan Grizel wurin gini.

“Na lura. Na kuma lura kai ba ka zuwa sai dai leƙe kamar ɓarawon kaji. Ubanka ma haka yake, in tuwo ya yi daɗi sai ya ce an sa masa magani.”

Na ce ba ta san abin da na gani ba.

“Ni abin da nake gani, yarinyar nan tana tashi kafin kai ta ɗaure maka igiyar takalmi ta bar shi a sake, don ka zura ƙafa ka ce kai ka ɗaure. Je ka, kana tare mini rana.”

Tsufa ya fara taɓa Gwaggo. Ni nake ɗaure takalmina.

Asabar, 8 ga Yuli

Na ce a rushe matakalar a sake. Mungo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya ce ai a cikin bango take, tare suka tashi, in an taɓa ta sai an sauke kusurwar duka, kuma ba za a yi rufi bana ba.

Grizel ta bari sai da muka koma bukka. Ta ce, “Maigida, wani sanyin kuma a ƙarƙashin bunu? Da bakin wuta ɗaya za su gama da mu. Don Allah ka bar ta. Ka yarda da ni sau ɗaya.”

Na ce in yarda da me?

Ta dubi mayafina, daidai inda hannun yake, ta ɗauke ido da sauri. Ta ce, “Kai ka hana a yi magana.”

Ban gane abin da take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Na bar matakalar. Ba don su ba, don rufi.

Laraba, 2 ga Agusta

Rana mai kyau. Mun hau tudu mu biyu duba ciyawar da aka yanka. Daga can hasumiyar ta fito sosai, ta wuce itatuwan bakin rafi. Grizel ta jingina da kafaɗata, ta hagun, ta ce a ɗakin sama tana son taga mai kallon yamma, ko ƙarama ce. Ta ce in Allah ya ba mu ɗa a can za ta haife shi, ba mai ƙona shi. Na ji kamar in gaya mata duk abin da ke cikina.

Sai ta ce Mungo ya ce za a iya yi wa tagar wurin zama a cikin kaurin bango.

Muka sauko kowa da hanyarsa.

Litinin, 21 ga Agusta

Ana ɗora duwatsun da za su riƙe bakin soro. Mungo ya bar rami daidai saman ƙofa don jefa wa baƙon da ba a gayyata ba dutse. Ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ragon magini ne da tuni na kore shi.

Yana can sama yana waƙar Faransa, mata masu ɗaukar yashi suna ta ɗaga kai. Na leƙa ramin fursuna da ya gina mini a ƙarƙashin matakala. Zurfinsa ya isa.

Talata, 12 ga Satumba

Na ji da kunnena. Ina bayan tarin katako, Grizel da Mungo suna bakin rijiya.

Ta ce, “Gobe da hantsi zai tafi duba shanu a Kwarin Sama. Ka zo da su, ka hau ka gama kafin ya dawo. Kada ya gani sai an gama.”

Ya ce, “Uwargida, ni fa na gaji da ɓoye-ɓoyen nan. Kallon da yake yi mini ko kare ba a yi wa.”

Ta ce, “Saura kaɗan.”

Saura kaɗan. To.

Alhamis, 14 ga Satumba

Zan rubuta yadda aka yi, tunda ba wanda zan gaya wa.

Jiya na hau doki kowa yana gani, na zagaya ta bayan tudu, na ɗaure shi a cikin itatuwa, na dawo ta rafi. Magina suna wurin fasa dutse. Na hau har ɗakin sama, na zauna a cikin tagar nan tata da takobi a cinya. Rana tana shigowa ta sama, tunda ba rufi, ƙura tana yawo a cikinta. Na jima.

Sai na ji shi. Yana fito da baki, yana hawowa, kuma ƙarfe yana ƙara a hannunsa, yana bugun juna. Ƙarfe. Ban jira komai ba.

Na zare na sauka a guje. Ina tuna wannan sarai: tun da aka sare ni ban taɓa jin jikina daidai ba sai a cikin matakalar nan. Ginshiƙi ya rufe mini mataccen gefen, hagu kuwa fili har bango. Na ɗaga takobi ya tafi, bai goge ko'ina ba. Na zagayo kwana na gan shi, ya ɗago kai yana murmushi, ya ɗaga hannun dama don ya kare fuska.

Sara ɗaya.

Abin da ke hannunsa ya zube yana gangarawa. Zobban ƙarfe ne, irin waɗanda ake kafawa a bango. A kafaɗarsa kuma igiya ce naɗe, sabuwa, mai kauri. Ya zauna a kan matakala yana kallon hannunsa. Yatsu biyu sun tafi, sauran suna lilo. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, “Ranka ya daɗe, me na yi?”

Grizel ta hawo tana tattaka zobban. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa hannu, ta danne da ƙarfi, sannan ta ɗago ta dube ni. Ina tsaye a sama da takobi yana ɗiga.

Na ce, ko na yi ƙoƙarin cewa, ai na ji su jiya, na kuma gan shi yana kwaikwayona.

“Yana aunawa ne,” in ji ta. Muryarta ko rawa ba ta yi. “Tsawon hannunka yake aunawa, Ninian. Sau biyu ya sake sassaƙa duwatsun nan don takobinka ya wuce. Tun ranar da ka faɗo a gidan Dand na roƙe shi. Igiyar nan ta bangon hagu ce, don ka sami abin riƙewa in kana sauka. Na sa ya rantse ba zai faɗa ba, don in ka ji an gina wa bahago gida sai ka rushe shi.”

Na ce ai mai hawa ma ya sami fili.

“Ya samu. Amma kai ma ka samu. A irin ta kakanka da sanda ma ba za ka iya bugun kowa ba.” Ta dubi jinin da ke bin matakala, ta dubi takobin. “To, ka gwada. Ta yi aiki.”

Mutanensa suka zo suka ɗauke shi.

Lahadi, 17 ga Satumba

Zazzaɓi ya kama shi. Yana bukkarmu, a kan gadona, ita ta sa aka kai shi can. Ni ina kwana a garke. Ita da Gwaggo suke karɓa-karɓa a kansa. Yanzu kam da gaske tana zaune a gefen gadonsa tana shafa masa goshi, kuma ba ni da bakin magana.

Gwaggo ta wuce ni da ƙwaryar ruwa, ta ce, “Tsatsar ta fita?”

Juma'a, 29 ga Satumba

Ranar bikin Mala'ika Mika'ilu. Magina sun tsayar da aiki yadda aka saba, ba a kwaɓa farar ƙasa in sanyi ya kawo kai. Sun lulluɓe kan bango da ciyawa da bunu. Ba rufi. Da yana tsaye da an gama tun makon jiya. Wani sanyin a bukka ke nan, kuma ba Ingilawa suka jawo ba.

Ba wanda ya yi mini sallama a cikinsu. Ɗaya ya tofa yawu kusa da ƙafata, na yi kamar ban gani ba.

Zazzaɓin ya sauka. Fada Hew ya ce zai rayu. Hannun kuwa ba zai ƙara riƙe guduma ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba

An zauna da danginsa a gaban Fada, an yanka abin da zan biya, na ce to. Na ƙara da bukkar bakin rafi da gonar da ke bayanta, iya rayuwarsa. Wansa ya ce ba gona suka kawo shi nema ba. Gaskiyarsa.

Na gan shi a bakin ƙofa yana shan hantsi. Ya rame. An ba shi kunu, yana ta fama da cokali a hagu, rabi a baki rabi a gemu. Da ya hango ni sai ya tura dungulmin cikin riga.

Na san wannan turawar. Na juya na koma.

Ba ya waƙa yanzu. Ban zaci shirun zai dame ni ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Ranar bikin Waliyyi Martin, an yanka shanun da ba za su kai bazara ba, gida duk ƙaurin nama da gishiri.

Shekaranjiya na je wurin Mungo. Ba wani abu ya kai ni ba, hanya ce ta bi ta nan. Yana ƙoƙarin ɗaure igiyar wando, ya yi gumi. Na tsaya, na tsaya, sannan na yaye mayafi na ciro hannun da hagu na ajiye shi a kan tebur. Ya ƙanƙance, ya yi fari, farata sun yi tsawo. Ni kaina na daɗe ban dube shi da rana ba.

Na ce, “Wannan ba ya warkewa. Kawo igiyar, da haƙori ake kamawa.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Ranka ya daɗe, in ka sake zuwa mini da ƙarfe, ka yi sallama tukuna.” Bai yi dariya ba, ni ma haka. Amma ya miƙo igiyar. Ya ce da bazara zai iya tsayawa a ƙasa ya riƙa yi wa magina tsawa, baki dai ba a sare shi ba. Ban ce ya yafe ba. Ban tambaya ba.

Jiya na sa maƙeri ya kafa zobban. Mun tsince su duka sai ɗaya. Na hau har tagar yamma, na sauko ina riƙe da igiya. Akwai wani dutse a kwana ta biyu da aka wanke aka wanke bai fita ba. Kullum sai na taka shi.

Yau da rana aka kawo nama. Grizel tana gefena, ba ta yi mini magana ba tun ranar saran nan sai abin da ya zama dole. Ina ta kokawa da wuƙa, akushi yana gudu. Sai ta miƙo hannu ta jawo shi gabanta, a gaban Gwaggo da barori da kowa, ta yayyanka, ta turo mini. Ba ta dube ni ba. Kowa a bukkar ya zuba ido, ana jira a ga wa za a kora.

Na ci.

Naman ne ya yi tauri, tsohon sa ne. Gobe ma daga jikinsa za a dafa.